Mun manna jar takarda a ƙofa a Guangzhou, yanzu Hajiya ta ce na kafirtar mata da ɗa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Kano ce amma muna zaune a Guangzhou shekara huɗu kenan, maigidana shi ke haɗa wa 'yan Kwari kaya yana loda musu kwantena, muna da 'yan biyu masu shekara bakwai suna makaranta anan har sun fi mu jin yaren. Tunda naira ta faɗi kasuwa ta ja baya sosai, sai bara lokacin sabuwar shekararsu wani abokin hulɗarsa ɗan Chaina ya ce mu gwada abubuwan da suke yi na kawo sa'a. Wallahi Anti da wasa muka ɗauki abun. Muka manna jar takarda mai rubutunsu a ƙofa a kife, muka sayi 'yar bishiyar lemo a tukunya, ranar farko ban yi shara ba, na dafa kifi muka ci muka rage, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ba yara jan ambulan da kuɗi a ciki suna ta tsalle, ni kuma na ɗauka a waya na sa a status. To sai ƙanwar maigidan ta nuna wa Hajiya. Tun daga ranar Hajiya ba ta amsa gaisuwata da daɗi, ta ce na kai mata ɗa cikin arna na kafirtar da shi, alhali shi ya kawo ni ƙasar, kuma wai a maido mata jikokinta. Abun da ya fi damuna shine bayan bikin da kamar sati uku aka ba shi wata babbar oda, yanzu cewa yake abun nan fa kamar yana aiki. Bana abokin ya ce shekarar doki ce, maigidan kuma an haife shi 1990 wai shekararsa ce, dole ya ɗaura jan zare ko ya dinga sa jan kaya daga ciki har shekara ta fita, ya kuma kawo masa wani ɗan mutum-mutumi mai gemu da jar riga ya ce ya ajiye a ofis. Yara sun fara tambaya yaushe za mu manna takarda. In na hana in ɓata wa maigida da yara da tsohuwar nan da ta riƙe ni kamar 'yarta, in na bari ga Hajiya ga tsoron Allah. Ya zan yi? Daga Maman 'yan biyu.

Wa alaikumus salam Maman 'yan biyu, sannu da haƙuri, sannu da zaman baƙunta. Fushin Hajiya mai sauƙi ne za mu zo kansa. Maganar da ta tsaya min a maƙogwaro tunda na karanta saƙonki ita ce ta maigidan, wai abun nan kamar yana aiki. Nan ne wutar take, sauran duk hayaƙi ne.

Bari in fara da cewa na san bikin nan da idona. A 2019 na tafi sari Guangzhou ban duba kalandarsu ba, na sauka saura 'yan kwanaki a yi sabuwar shekara, wadda ta faɗo 5 ga Fabrairu a waccan shekarar, na tarar masu shaguna suna ta ja da ƙofofi kowa ya ɗaura jaka zai tafi ƙauyensu, unguwar Xiaobei da kullum ba masaka tsinke ta koma tsit, sai masu taliyar Lanzhou ɗaya biyu da suka rage. Kuɗin otal ya tafi a banza, sai na ce to tunda an zo bari a ga gari. Wata yarinya mai aiki a otal ɗin ta ja ni kasuwar furanni da suke ci kafin shekara ta shigo, jama'a maƙil, kowa rungume da tukunyar 'yan lemo ƙanana, an rataya musu jajayen ambulan a rassa, wani tsoho ya ɗora tasa a bayan keke ya ɗaure da igiya yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko amarya. Da safiyar ranar mai gadin otal ya tara ambulan a aljihu har ya kumbura, duk wanda ya wuce ya miƙa masa ɗaya da hannu biyu, ni ma wata mata ta miƙo min, na shiga ɗaki na buɗe na ga yuan 5 sabuwa fil. Dariya na yi na ce ashe goron sallah ne. Mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, lai si suke kiransa, sauran ƙasar kuma hongbao, kuma a yankin da kuke ba a cika sa kuɗi mai yawa ba, masu aure ne ke ba yara da marasa aure da ma'aikata. To dan tsohuwa ta ba jikokin Hajiya goron sallarsu ni ban ga abun tada jijiyar wuya ba.

Yawancin abubuwan da kuka yi kuwa, in kin bi asalinsu wasa da kalma ne. Rubutun da kuka manna sunansa fu, wato alheri ko albarka, kuma a yarensu kalmar kifewa da kalmar isowa duk dao ake furta su, shi yasa suke kife shi, in wani ya ce fu ya kife sai ya fito kamar ya ce alheri ya iso. Kifi sunansa yu, rara ma yu ce, sai a ci a rage wai dan shekara ta zo da rara. Lamba 8 suna sonta saboda tana kama da kalmar arziki, 4 kuma suna gudunta saboda sautinta ya yi kusa da mutuwa, kin ga ai a wasu benayensu lif ba ya nuna hawa na 4. Ranar farko wasu ko kai ba sa wankewa dan harafin gashi shi ne harafin bunƙasa. Jan launi da harbin nokawut kuma daga tatsuniyar wani dodo ne mai suna Nian da aka ce yana fitowa ƙarshen shekara, yana tsoron ja da ƙara. Da yawa daga cikin samarinsu in kika tambaye su za su ce miki al'adar kaka ce kawai, suna yi ne dan tsofaffi su ji daɗi.

Kuma kar mu yi musu dariya da yawa, mu ma gwanaye ne. Wa ya taso bai ji ba a shara da dare, ba a yanke farce da dare, ba a sayar da allura bayan magariba? In tafin hannu ya yi ƙaiƙayi a ce kuɗi na tafe. Ga cika-ciki ranar Ashura, ana dafa wutsiyar ragon layya da aka adana a ce duk wanda bai ƙoshi ba a daren ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo, to ki faɗa min bambancin wannan da ragin kifinku. Ina da yaƙinin ita kanta Hajiya in kika ɗauki tsintsiya a gidanta bayan isha sai ta ce ke ajiye. Amma dan Allah kar ki je ki faɗa mata haka, ni da ke muke magana.

Ni ba malama bace, abunda na sani daga islamiyya shi zan faɗa. Akwai hadisin Anas a Bukhari da Muslim, Manzon Allah SAW ya ce babu camfi, kuma fa'ali yana burge shi, aka tambaye shi mene ne fa'ali ya ce kalma mai daɗi. Wato mutum ya ji magana mai kyau ransa ya yi fari ya ƙara sa rai ga Allah, wannan ba laifi. Amma mutum ya jingina arzikinsa ko tsarinsa ga wani abu da aka rataya ko aka ajiye, wannan wata magana ce daban, a Musnad na Imamu Ahmad an ruwaito cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka. Ko malaman da suka yi sassauci a kan laya, a kan wadda aka rubuta da ayoyin Alƙur'ani suka yi, ba jan zaren shekarar doki ba. Dan haka tambayar da za ki dinga yi wa kanki a kan kowane abu ɗaya ce, me muke jira wannan abun ya yi mana? In amsar ita ce ya ƙawata falo, ko ya faranta wa maƙwabciya, wannan hanya ɗaya. In amsar ita ce ya kawo oda ko ya kare mu daga tsiya, to ki ajiye shi ko da bishiyar lemo ce.

Shi kuwa ɗan mutum-mutumin nan ba ya ma buƙatar tambaya. Daga yadda kika siffanta shi, mai gemu da jar riga, ga dukkan alamu Caishen ne, wanda suke ɗauka abun bautar dukiya, shi suke kunna wa turare su ajiye masa lemo a shaguna, kuma rana ta biyar ga sabuwar shekara ta tarbarsa ce, shi yasa masu kasuwanci da yawa suke son buɗe shago ranar. Wannan gunki ne ƙanwata, ba ado ba ne, kar ya kwana a ofis ɗin musulmi. Haka hotunan masu gadin ƙofa guda biyu da ake mannawa hagu da dama, da na abun bautar murhu da suke sallama da kayan zaƙi kamar mako guda kafin biki, da kunna wa kakanni turare, duk wannan ɓangaren ibadarsu ne, nasu ne. Har magen nan mai ɗaga hannu da ke kan kantar kowane shago, wadda asalinta ma ta Japan ce, in dan ta kira kwastoma aka ajiye ta to a ba yara su yi wasa da ita har batir ya ƙare. Jan zare da jan kamfai na shekararsa kuwa, su a wajensu shekarar dabbar da aka haifi mutum a cikinta, wadda ke zagayowa duk shekara 12, shekarar haɗari ce sai an yi tsari, to kin ga laya kenan ba ko tantama, launi kawai aka canza.

Mayar da gunkin ba wuya, kuma ba sai an ci fuskar mutumin ba, da kyakkyawar niyya ya kawo. Maigidan ya haɗa masa kyauta mai kyau, dabino ko shayi mai tsada, ya kai masa da hannu biyu tare da abunsa, ya ce na gode ƙwarai amma ni musulmi ne addinina ya hana ni ajiye wannan. Sinawa sun san musulmi, suna da 'yan ƙabilar Hui miliyoyi a cikinsu, masallacin Huaisheng da ke nan garinku yana cikin mafi tsufa a ƙasar gaba ɗaya, duk inda aka rubuta qingzhen, wato halal, a ƙofar gidan abinci sun san ba alade. Ba zai zama baƙon zance ba. Abu ɗaya dai, kar a ba shi agogo a kyautar, a yarensu ba da agogo yana kama da rakiyar gawa.

Sai maganar odar nan, dan ita ce ta ruɗa shi. Ki zaunar da shi ku yi lissafi kamar 'yan kasuwa. Bara sabuwar shekararsu ta faɗo 29 ga Janairu 2025. Masana'antu suna rufewa tun kafin ranar, ma'aikata su watse garuruwansu, da yawa ba sa dawowa sai an wuce bikin fitilu na rana ta 15, wato tsakiyar Fabrairu. Duk odar da aka riƙe a wannan tsakanin sai ta sauko lokaci guda. Ƙari a kan haka azumi ya kama farkon Maris, ƙaramar sallah ƙarshen Maris, babbar sallah farkon Yuni, wane ɗan Kwari ne ba ya neman shadda da leshi da atamfa a wannan lokacin? Sati uku bayan biki daidai lokacin da kowane ejan a garin wayarsa ke ruri kenan, wanda ya manna takarda da wanda bai manna ba. Ki tambaye shi cikin raha, Abban yara, abokanka da ke unguwar Sanyuanli waɗanda matansu suka share gida tas ranar, su ba su samu oda ba? Sannan shi abokin naku da ke yin duk waɗannan abubuwan tun yana yaro, bai taɓa yin shekarar asara ba?

Amma ki bi shi a hankali. Namijin da kasuwa ta juya wa baya tun da aka saki naira a 2023, ga haya ga kuɗin makaranta ga sabunta biza ga 'yan uwa a gida kowa na ganin wanda ke Chaina a kan kuɗi yake kwana, irin wannan ko reshen ƙaya aka miƙo masa kamawa zai yi. Tsoro ne ke magana a bakinsa, ban ɗauka imaninsa ne ya tafi ba. In kika tare shi da kai ka zama mushiriki, kin koma Hajiya ta biyu, kuma zai ci gaba da yi ne a ofis inda ba kya gani. Ki zaɓi dare bayan ya ci ya ƙoshi, ki ce masa maganar nan da ya yi ta hana ki barci, kina tsoron kar Allah ya bar ku da takarda da zare. Ki ce ku je wajen limamin da yake bi juma'a ku tambaya tare, maganar namiji ɗan uwansa mai ilimi takan shiga inda taki ba ta shiga ba. Kuma bana Allah ya kawo muku sauƙi, sabuwar shekararsu 17 ga Fabrairu 2026 ce, azumi kuma ana sa ran 18 ko 19 in an ga wata, to hutun da za a yi ya zama na shirin Ramadan, ba wanda zai ce kun yi baƙin hali dan kun ce kuna shirin ibada.

Shara kuwa ki yi abarki ranar farko da ta biyu. Gida mai 'yan biyu masu shekara bakwai a ce an kwana ba shara, haba. In kina so ki ɗauki wani abu daga al'adarsu ki ɗauki na kafin biki, suna wanke gida ƙal su fitar da tarkace, kuma suna ƙoƙarin biyan bashi kafin shekara ta fita, wannan kam da 'yan kasuwarmu za su kwaikwaya da an huta. Kifi ki dafa ranar da kika ga dama ku cinye har kai.

Yara kar ki tsorata su. A makaranta za a sa su yanka jar takarda da rera waƙa, za su zo da fitilar takarda, ba sai kin fizge kin yaga ba. Ki zauna da su ki ce wannan bikin mutanen garin nan ne, muna gaishe su muna yi musu fatan alheri, amma mu arziki Allah muke roƙo, takarda ba ta kawo komai. Yaro mai shekara bakwai yana gane wannan sarai. Ni da nice, fu ɗin nan ba zai koma ƙofata ba bana, dan a gidanku an riga an jingina masa sa'a, ya tashi daga ado. Tunda sun iya rubutun ƙasar, ki saya musu takarda da buroshi su rubuta barka da zuwan Ramadan su manna a ɗakinsu, musulmin Chaina ma suna da salon rubutun Larabci da buroshi irin nasu mai kyau, ki nemo musu a intanet su gani. Sannan in sallah ta zo ki yi ta da ƙarfi, ɗinki, lalle, cincin, goron sallah a ambulan, ki gayyato yaran maƙwabta. Yaron da sallarsa ke wucewa shiru a ɗaki ranar makaranta, ga bikin wasu gari ya ɗauka da ganguna da rawar zaki, dole zuciyarsa ta karkata can.

Tsohuwar nan ki riƙe ta hannu biyu. Ayar Suratul Mumtahana ta 8 ba ta hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, ga kuma haƙƙin maƙwabtaka da Jibrilu ya yi ta wasiyya da shi. Malamai sun yi saɓani a kan taya murnar irin wannan biki, wasu sun hana gaba ɗaya, wasu suna ganinsa na al'ada ne matuƙar an kauce wa ibadar ciki, shi yasa na ce ku tambayi limaminku wanda ya san garin. Abunda na tabbata shine kai mata tire na dambun nama ko lemo da tuffa, da barin yara su karɓi ambulan da hannu biyu su yi godiya, ba zai rage miki komai ba. Ki koya musu kar su buɗe a gabanta, rashin ladabi ne a wajensu. In ta aiko da abinci ki lura, cikin jiaozi, 'yan ƙullin fulawar nan da suke cusa wa nama, da irin su yawanci naman alade ne, ki gaya mata tun wuri cikin dariya, 'ya'yan itace da alewa sun isa.

To Hajiya. Ki sa kanki a matsayinta, tsohuwa tana zaune a Kano an miƙo mata waya ta ga jikokinta gaban jar ƙofa da rubutun da ba ta sani ba, me kike so ta ɗauka? Kuma ga shi ɗan nata har ya fara cewa abun yana aiki, kin ga tsoron nata bai tashi a banza ba, laifin ne kawai ta ɗora a inda ya fi mata sauƙi, uwa ba ta ganin laifin ɗanta in akwai suruka a kusa. Wannan gyaran na maigidan ne. Shi zai kira ta ya ce Hajiya ni na kawo abun nan gida, ba ita ba, kuskure ne kuma mun bari. Bayan kwana biyu ke ki kira, kar ki kawo bayanin dao da yu, ba ta tambaye ki ba, ki ce Hajiya na yi kuskure a yafe min, shikenan. Sannan kowace juma'a a kira ta a bidiyo yara su biya mata haddarsu, in ba su da malami ki nemo mai koyarwa ta waya daga gida, ki ce ita ta zaɓo shi ma in tana da wanda ta yarda da shi. Maganar maido jikoki da kanta za ta mutu ranar da ta ji sun kai Sabbi. Ki haɗa mata da atamfa da turmin leshi cikin kayan wani mai tafiya kafin azumi.

Ƙanwar miji kuma ba sai kin ce mata uffan ba. WhatsApp yana da wajen zaɓar waɗanda za su ga status, ki shiga saitin ki cire ta yau ɗin nan.